Kafin ka sayi fenti, haɗa bes ɗin tsirara ka ji muryarta tukuna

Salam ƙanina. Na karanta tambayarka har sau biyu. Kace ka samo jikin wata tsohuwar bes jita a sito na wani coci a Kaduna, baƙa ce fentin duk ya tsattsage, wuyanta ya karye tun tuni an jefar, sai ka ga wani wuya na hannu a Jiji ka saya, pikop, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin wayoyi, da birij ɗin da wayoyi ke hawa a jikin kuma abokinka ne ya baka, yanzu kana son sanin wane fenti zaka saya ka maida ita shuɗiya, sannan a ƙarshe ka ɗan ƙara da cewa ko kayan zasu zauna da juna. Toh ni wannan ta ƙarshen da ka jefa kamar ba komai ba ita ce tambayar, ta fenti zata iya jira wata guda ma babu abin da zai lalace. Na jima ina wannan aikin a bayan gida, nawa da na mutane, kuma kusan duk wanda ya kawo min bes ɗin da ya haɗa da kansa ta ƙi kaɗuwa zaka tarar fentin yana sheƙi kamar sabuwar mota amma wuyan a karkace yake. Wuyar aikin nan a wuyan take.

Abin da yasa ma ake iya irin wannan haɗe-haɗen, Leo Fender ne, wani mai gyaran rediyo a Kalifoniya wanda shi kansa ba makaɗin jita bane, ya fito da Precision Bass a 1951 sannan Jazz Bass a 1960, kuma yayi su yadda wuya daban jiki daban, sukuru huɗu ne kawai ke riƙe su, in wuya ya lalace a kwance a ɗaura wani kamar tayar mota. Yawancin besosin da ke shigowa ƙasar nan daga Chana da Indonesiya da Koriya kwaikwayon waɗannan biyun ne. Amma fa kwaikwayo ba ya nufin awo ɗaya, kowane kamfani yana ɗan ragewa ko ƙarawa, shi yasa tef ɗin awo zaka fara ɗauka kafin samfefa.

Awo na farko, ɗauki wuyan ka auna daga nat, wato ɗan farin abin nan mai tsagi huɗu da wayoyi ke bi ta kansa kusa da kai, zuwa tsakiyar ƙarfen firet na 12, firet kuwa su ne ƴan ƙarafan nan da aka jera a kan wuyan. In ka samu inci 17 to wuyan na inci 34 ne, wanda shi ne aka saba da shi, santimita 86 da ɗan ɗori kenan. In ka samu inci 15 to gajere ka saya, na inci 30, irin na bes ɗin Mustang ta Fender, kuma bazai yi aiki a jikin da aka yi don dogo ba sai an tashi birij daga mazauninsa, pikop ɗin ma sai ya koma inda bai dace ba. Firet na 12 shi ne rabin waya daidai, saboda haka in ka zaunar da wuyan a raminsa, daga firet na 12 zuwa inda waya ke hawa birij dole ya zama inci 17 shima, kuma ya zama akwai sauran filin ja da baya domin wayar E mai kauri kullum tana son ɗan ƙarin tsawo. Birij ɗin nan shi ne abin da masu goge da garaya ke kira jaki, aikinsu ɗaya, sai dai namu kowace waya da nata ɗan dokin da ake matsarwa da sukuru. A nan ne mutane ke faɗawa rami, wuya mai firet 24 da mai firet 20 duk suna iya zama inci 34, amma gindinsu ba tsawo ɗaya ba, in ka ɗaura mai 24 a jikin da aka yanka don mai 20 komai zai goce, zaka ɗaure waya ta yi daidai a buɗe amma da ka hau sama sai ta fara ƙarya. Ƙirga firet ɗinka yanzu ma kafin ka ci gaba da karatu.

Awo na biyu faɗin gindin wuya da faɗin ramin. Na Fender inci 2 da rabi ne, kamar milimita 63 da rabi. Squier, wato masu arha na Fender, yawanci yana kusa da haka, amma wuyan Ibanez ko Yamaha ba don wannan ramin aka yi su ba, sai da gyara. In wuyan ya fi ramin faɗi da ɗan kaɗan, ramin zaka ci da samfefa a naɗe jikin katako mai miƙe, a hankali, gefe da gefe daidai, kar ka taɓa wuyan. In kuma ramin ne ya fi faɗi sai a liƙa ɗan siririn katako a gefe a cike. Ɗan gibi kamar kaurin kati ba matsala bace, kar wani ya tsorata ka da zancen sauti zai zube ta wurin, abin da ke da muhimmanci ƙasan wuyan ya kwanta shafal a ƙasan ramin babu rawa.

Yanzu wuyan da ka riga ka saya. Da ka tambaye ni kafin ka biya da nace kar ka sayi wuyan da baka riƙe a hannu ba, amma tunda an gama sai mu duba ko ka dace. A cikin kowane wuya akwai rodi na ƙarfe da ya bi tsawonsa, shi ke tokare katakon, domin wayoyi huɗun nan in an ɗaure su suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, ka ƙiyasta kamar ƙaton mutum ne ya rataye a jikinsa dare da rana. Nemo alanki da ya shiga kan rodin dam, na Asiya yawanci milimita 4 ne ko 5, kar ka tura wanda ke rawa domin da kan ya cinye an shiga uku. Fara sassautawa tukuna, sannan ka ɗaure kwata ɗin zagaye, ka ga wuyan yana amsawa. In yana ta juyawa sakayau babu tauri, ko ya ƙafe ko motsi baya yi, to akwai magana. Ni an taɓa yi min haka, wani mai sayar da kayan kiɗa na hannu ya rantse min wuyan lafiya lau, mai kyau ne kuwa a ido, sai da na gama gyaran firet na kwana biyu na ɗaura waya, ina murɗa rodi naji yana tafiya kamar famfon da ya sake, ashe a karye yake ciki. Har yanzu yana nan rataye a bango, yara na wasan bindiga da shi.

Bayan rodi sai ka ɗaga wuyan ka kai gindinsa kusa da idonka ka hango zuwa kai kamar mai saita bindiga. Ɗan lanƙwasa gaba ko baya rodi zai gyara. Amma in ka ga gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka kamar farfela, wato ya murɗe, wannan ba aikin gida bane, mafi sauƙi ka nemi wani. Duba bayan kai ko akwai tsaga, duba ko allon firet ya fara rabuwa da wuyan, sannan ka shafa tafin hannunka a gefen wuyan daga sama har ƙasa. In ka ji bakin ƙarafan suna kartar ka ba laifin kamfani bane, hunturunmu ne, iska ta bushe katako ya tsuke ƙarfe kuma baya tsukewa, sai bakinsu ya leƙo. Kayan da aka ƙera don ƙasa mai laima in suka sha Disamba da Janairu a Kano ko Zinder dole su nuna. Maganin ƙaramin fayil ne, ka liƙa tef a katakon ka goge bakin ɗaya bayan ɗaya, kuma ka yi shi a tsakiyar sanyi lokacin da katakon ya gama tsukewa, in ka yi da damina sai ka sake yi.

Firet ɗin da suka cinye kuwa, zaka ga ɗan rami a ƙarƙashin inda waya ke kwanciya musamman daga na 1 zuwa na 5. Samo ƙarfe gajere mai miƙe wanda zai hau firet uku kawai, ka ɗora ka gwada ko zai yi rawa, in yayi to na tsakiyan ya fi tsawo, wani lokacin ɗagowa yayi kawai sai a ɗan bubbuga shi ya koma. In sun yi yawa ana shafa musu tawadar alƙalamin maka, a miƙar da wuyan sak da rodi, a bi su da doguwar sanda mai shafe da samfefa 320 har makan ya goge ko'ina, sannan a sake zagaye kan kowanne. Gaskiya in karon farko ne bana so ka fara koyon wannan a wuyanka ɗaya tilo, bari sai ka ɗaura waya ka ji ko ma ana buƙata, sau da yawa ba a buƙata.

Toh sai haɗawa ta gwaji, da tsohon baƙin fentin nan a jikinta yadda take. Tsofaffin ramukan sukuru na wuyan da wuya su yi daidai da na jikin, don haka toshe su, ka fiƙe katako mai tauri ya shiga dam ka sa gam ɗin kafinta irin Top Bond ka bar shi ya kwana ka yanke shafe. Ƙananan ramuka irin na farantin gaba da na maɓallin igiyar rataye tsinken sakace da gam ya ishe su, amma na wuya a'a, can nauyi yake. Zaunar da wuyan ka matse shi da kilam da ɗan tsumma kar ya yi tabo, ɗaura birij, ka ja tsofaffin wayoyi biyu na gefe, E da G, ko ma zare mai ƙarfi, daga nat zuwa birij, sai ka duba a ƙarshen wuyan ko tazarar waya da bakin katako daidai take hagu da dama. Ka dinga ɗan tura wuyan har ta daidaita, sannan ka zura sukuru ta ramukan jikin ka ɗan danna su bar maka alama. Huji na milimita 3 ya isa, kuma dan Allah naɗa tef a jikin bakin dirilar daidai zurfin da kake so, na ga wanda ya huda har ya ɓullo ta saman firet, ba kyan gani. Ramukan jikin su kuma sukuru ya wuce su sakayau, a wuyan ne kawai zai kama, in ya kama a duka biyun bazai taɓa jawo wuyan ya manne ba. Goga ɗan sabulu ko kyandir a zaren sukurun kafin ka ɗaure, katakon mapul tauri gare shi yana karya sukuru a ciki.

Kunnuwan ɗaure waya ma ka duba, iri biyu ne a kasuwa, manya masu buɗaɗɗen giya da ke son rami kusan milimita 17 zuwa 18, da ƙanana rufaffu masu son 14. In jikin naka marar nauyi ne ka ɗora masa manyan kunnuwa, da ka saki hannu kan zai dinga nitsawa ƙasa, kana kiɗa kana tallafe da wuya, awa ɗaya a tsaye kafaɗa ta gaya maka. Bes mai daɗin ɗauka tana wajen kilo 4.

Ɗaura wayoyi huɗu, jona pikop ɗin ko da kai tsaye zuwa jak ne, wato ramin da ake soka wayar amfilifaya, ka kaɗa ta sati guda a haka da muninta. In wayoyi sun yi sama da yawa alhali birij ya sauka har ƙasa, sai a sa ɗan siririn ciko a ƙarshen ramin wuya ta wajen birij, guntun kati ma yana yi. Duk wani huji da yanka da cikon da za'a yi a yi shi yanzu. Na san ranka yana kan shuɗin nan, amma dirila a kan sabon fenti ita ce ke ɓantare shi, kuma ba ciwon da ya kai ka gama gogewa kwana da kwanaki sannan ka gano birij sai ya matsa rabin inci.

Sai fenti. Fara leƙa cikin ramin wuya ko ramin pikop inda babu fenti ka ga wane irin katako ne. In ka ga layi-layi kamar an jera biskit to filawud ne, kuma yawancin masu arha da aka yi wa baƙin fenti ko filawud ne ko guntaye huɗu biyar aka liƙa, saboda haka cire tunanin barin katako a fili, launi mai rufewa zaka yi, kuma ba abin kunya bane, na ji besosin filawud masu murya. Sannan ɗiga ɗan tina a wani ɓoyayyen wuri. In fentin ya narke ya yi danƙo to na selulos ne, tina da tsumma zasu wanke shi. In ko a jikinsa, wanda shi nafi zato, to poli ne, irin mai taurin gilashi da kamfanoni suka koma yi tun ƙarshen shekarun 1960, kuma maganin cire fenti na kasuwa da ƙyar yake taɓa shi. A nan shawarata kar ka cire shi duka. In tsagar ta tsaya a sama ne kuma fentin na manne, ka kankare wuraren da suka ɗago, ka cike da bodi fila irin na masu gyaran jikin mota, ka goge duka da 220 sannan 320 har sheƙin ya mutu ko'ina, ka samu shimfiɗa mai kyau fiye da wadda zaka iya yi da kanka. In ya zama dole sai an cire to bindigar zafi da abin kankara, a waje cikin iska, kana motsa hannu kar ka ƙona katakon, kuma a ƙarƙashi zaka tarar da wani farin rufi mai tauri, bar shi, amfaninka ne.

Idan ka kai ga katako tsirara kuma akwai wurin da ya lotsa ba ɓantarewa yayi ba, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna dutsen guga, tururi zai ɗago shi. Katako mai buɗaɗɗen ido kamar ash ko maɗaci sai an cike idon kafin fenti in ba haka ba zaka ga ƙananan ramuka kamar fatar kaza. Af, tunda maganar katako ta zo, mu nan muna zaune kan abin da Turawa ke biyan kuɗi da yawa, afara da kafintoci ke yin silin da ita ita ce korina da Gibson suka yi Flying V da ita a 1958, kawo kuma shi ne afzeliya da Warwick na Jamus ke yin jikin wasu besosinsu da shi. In wata rana ka so yanka jiki daga farko, ƴan katako na unguwarku sun ishe ka, sharaɗi dai ya bushe sosai.

Wane fenti? Na mota. Ba wasa nake ba, launukan nan da ake ta yabo na tsofaffin Fender daga kundin fentin motoci na DuPont aka ɗauko su, Fiesta Red na Ford ne, Sonic Blue da Lake Placid Blue na Cadillac ne. Don haka hanya mafi sauƙi kuma mafi kyan sakamako ka gama shirinka a gida ka kai wa mai fentin mota, ranar da yake fesa shuɗiyar mota ya haɗa da naka, ya sa firaima, launi, sannan kiliya, wato rufin sama mai sheƙi marar launi, mai haɗin hadina wadda ke taurara cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Amma ka tsaya a kansa ko ka rufe ramin wuyan da tef da hannunka, ni na taɓa barin wani ya fesa min ban tsaya ba, ya cika ramin da fenti har wuya ya ƙi shiga, na kwana ina kankara. Kuma ka ce masa siriri kake so, su sun saba da bonet. Irin wannan kiliyar kar ka fesa ta a gida da ƙyallen hanci, gubarta ba ta wasa bace, sai da abin rufe fuska na gaske.

In kuma ka dage kai zaka yi da gwangwanin feshi, yana yiwuwa, haƙuri kawai yake ci. Ɗaure doguwar sanda a ramin wuya da sukuru ta zama mariƙi kuma marataya. Firaima da launi da kiliya su zama na kamfani ɗaya iri ɗaya, domin in ka ɗora mai tina mai zafi kan fentin mai sai ya yamutse kamar fatar tsohuwa a gabanka, gwada a wani katako tukuna. Firaima hawa biyu ko uku, goge da 400, duk wani rami da ka gani yanzu launi bazai ɓoye shi ba sai ma ya tona. Launi daga nisan kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 25, fara danna kan kafin ka iso jikin ka saki bayan ka wuce, hawa siriri siriri da minti 10 zuwa 15 tsakani, hawan farko ma ya zama kana hango firaima ta ciki. In shuɗinka mai ƙyalli ne irin Lake Placid kar samfefa ta taɓa shi kafin kiliya, zata kwantar da ƙyallin ya yi dabbare-dabbare. Kiliya kuma ka sa da yawa, hawa shida zuwa takwas, tunda rabinta gogewa zata cinye.

Lokacin da zaka yi feshin ma yana da nasa hukuncin a ƙasar nan. Cikin Agusta laima na sa fenti ya yi fari-fari kamar hazo, cikin hunturu ƙura na sauka kafin ya sha iska, cikin zafin Afrilu da rana fentin na bushewa a iska kafin ya iso sai ya fito da gurje kamar ɓawon lemo. Ni nafi son bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da safe, a ɗakin da na share na yayyafa wa ƙasa ruwa, taga a buɗe. Kuma kar ka shanya shi a rana wai ya yi saurin bushewa, sama zai ƙafe ciki na ɗanye, sai ƙuraje.

Daga nan sai jira, wanda shi ne ke kayar da kowa. Fentin gwangwani da na selulos suna son sati 3 zuwa 4 a rataye. Kai hancinka, in har kana jin warin tina bai gama ba, danna farce a inda farantin gaba zai rufe, in ya bar sawu koma ka zauna. In ya yi tauri sai gogewa da ruwa da ɗan sabulu, 800, 1000, 1500, 2000, samfefa a naɗe jikin abu mai shafe kamar kilina ta pensir, sannan kamfawun na mota da tsumma mai laushi. Gefuna da kusurwoyi kar ka danna, can fenti ya fi siranta, shafa biyu ka ga firaima ta leƙo sai salati. Kuma toshe ramukan sukuru da kyandir kafin ruwa ya taɓa, in ya shiga katako zai kumbura ya fasa fentin a zagaye.

Wutar ciki bata da wahala, duk mai gyaran rediyo zai iya in kai baka riƙe dalma ba. Sa mita a kan om ka auna pikop ɗin abokinka, irin na Precision mai gida biyu yana bada wajen 10 zuwa 11k, na Jazz kowanne wajen 7 zuwa 8k, in mita bata motsa ba waya ta tsinke ciki. Bolum ɗaya ton ɗaya masu 250k da kafasita 0.047, shikenan, tsofaffin kuma in suna ƙarar yashi zubar dasu ka sa sabbi. Shimfiɗa tef na jan ƙarfe ko takardar alminiyam a cikin ramin ka haɗa ta da at, wato wayar ƙasa, sannan kar ka manta ƴar wayar da ke bi ta ƙarƙashin birij. In ka taɓa wayoyi ƙugi ya ragu, haɗinka daidai ne. In ka taɓa ya ƙaru to ka juya wayoyin jak. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, wannan wayar birij ɗin tana nufin jikinka na haɗe da amfilifaya duk lokacin da kake kiɗa, kuma gidajenmu da yawa soket ɗinsu babu at, ga janareta, in ka taɓa jin ɗan cizo a yatsa ko a leɓe wajen makirfo kashe komai a duba amf ɗin, mutane sun mutu ta wannan hanyar.

Saiti na ƙarshe da sababbin wayoyi, masu lambar kauri 45 zuwa 105 na dogon wuya, kuma bi shi a jere domin kowanne na taɓa na bayansa. Rodi tukuna, danne wayar E a firet na 1 da na ƙarshe lokaci guda, tazarar da ke tsakanin waya da firet na 8 ta zama kamar milimita 0.3, in baka da fila geji na makanikai haɗa reza uku ka zura, kusan haka ne. Murɗa rodin kwata ɗin zagaye, ka ɗaure waya, ka bashi lokaci, ka sake aunawa. Sai tsayin waya a birij, wajen milimita 2 da rabi a firet na 17, in hannunka mai nauyi ne ƙara kaɗan. Sai pikop, kamar milimita 3 daga waya a gefen E, ƙasa da haka kaɗan a gefen G, kana danne firet na ƙarshe, in ya matso da yawa maganaɗisu zai dinga jan waya sautin ya yi rawa. Sannan ka buɗe manhajar saita sauti a wayarka ta salula, kaɗa waya a buɗe, kaɗa ta a firet na 12, in ta 12 ta haura ja dokin baya, in ta gaza matso da shi gaba. Allon firet in baƙin katako ne marar fenti ɗiga masa ɗan man jarirai ka goge tas, sau ɗaya ko biyu a shekara, kar ka sa man gyaɗa yana yin wari. Kuma ka sani duk shekara sau biyu zaka taɓa rodin nan, shigowar damina da shigowar sanyi, ba lalacewa bace.

Yanzu dai aje maganar shuɗi, turo min abu huɗu: daga nat zuwa firet na 12 inci nawa, firet nawa ne duka, faɗin gindin wuyan da faɗin ramin da milimita, sai hoton cikin ramin da hasken tocila in ga katakon. Kuma ka faɗa min me rodin yayi da ka murɗa shi.